Shekarar da Motar Ƙungiya Ta Tafasa a Hanyar Kwoi

Ladi, ke ce babba, a hannunki zan bar littafin nan, amma wannan babin ki tara ƙannenki ki karanta musu da ƙarfi, kada ki tsallake ko layi ɗaya don jin kunyar kowa. Na san abin da kuka tashi kuna ji. A gidan biki, a gidan makoki, a bakin coci bayan an tashi sujada, an sha gaya muku cewa babanku ya tsaya a gaban jama'a ya wulaƙanta kawunku Dogara saboda wani direba da ba danginmu ba, ba kuma addininmu ɗaya ba. Shekara da shekaru na bar maganar tana yawo, ban bi ta gida-gida ina gyarawa ba, domin ina da aikin yi. Yanzu hannuna ya daina riƙe sifana yadda nake so, ido ma sai da tabarau, saboda haka zan faɗi yadda abin ya faru sau ɗaya. Ba roƙon gafara na zauna rubutawa ba.

A lokacin, ƙungiyar manoman citta ta yankinmu ta sayi doguwar mota, bas mai shan gas, tsohuwa daga waje amma injinta lafiyayye. Tana tashi daga Kafanchan, ta bi Kwoi ta kwashi mutane da buhunan citta, ta wuce Kaduna, washegari ta dawo. Ni ne makanikinta. Garejina yana bayan tasha, rumfar kwano ce da rami ɗaya, amma a garin nan in ana maganar injin gas, sunan Ishaya ake fara kira, domin a wurin gyaran kan jirgin ƙasa na koyi aiki, a hannun tsofaffin da ba sa barinka ka ɗaure noti sai ka gaya musu dalili. Kawunku Dogara shi ne sakataren ƙungiya, shi ya kawo ni aikin. Ku sani, Dogara ba yayan mamanku ba ne kawai. Da babansu ya rasu tana ƙarama, shi ya bar makaranta ya koma gona ya riƙe ta, shi ya tsaya a matsayin uba ranar aurenmu. In ya shigo gidanmu, mamanku Rifkatu takan miƙe ta ba shi kujerata. Ni ma Yaya nake kiransa, ban taɓa kama sunansa a gabansa ba.

Direban motar Malam Sule ne. Tun kakansa gidansu suke sayar da hatsi a kasuwar Kafanchan, a nan aka haife shi, yarenmu ma yana ji fiye da wasu 'ya'yanmu da suka tashi a Kaduna. Dogo ne, ba ya son surutu, kuma ban taɓa aiki da direba mai kunne irin nasa ba. Kowace safiya kafin ya tayar da mota sai ya buɗe murfin lagireto ya leƙa ruwa, ya zaro sandar gwajin baƙin mai ya goge ya sake tsomawa. Ba abokina ba ne. Ban taɓa cin abinci a gidansa ba, shi ma bai taɓa ci a nawa ba. Mota ce ta haɗa mu.

Wajen ƙarshen rani famfon ruwan injin ya fara ɗiga. Na gaya wa ƙungiya a nemo sabo. Dogara da kansa ya je Kaduna, a hanyar dawowa ya tsaya a Mararaban Rido wurin masu sayar da kayan mota a bakin titi, ya zo mini da famfo a cikin kwali, yana sheƙi. Da na ɗauke shi, hannuna ya gaya mini wani abu. Fentin ya yi kauri, ya kuma shiga wuraren da sabon famfo ba ya shan fenti. A ƙa'idar aikina sai na kankare, na riƙe farfelar da ke cikinsa na murɗa da ƙarfi, na ga yadda ta kama sandarta. Amma Yaya yana tsaye a kaina, yana share zufa, yana ba mutanen gareji labarin yadda ya sha wahala kafin ya samo shi. Na ji nauyin in bincike kayansa a gabansa kamar ina zarginsa. Sai na ce, "Sannu da ƙoƙari, Yaya," na ɗaura. Wannan shi ne laifina a duk labarin nan, kuma shi kaɗai ne zan canza da za a mayar da ni baya.

Bayan mako biyu Malam Sule ya tsaya a bakin gareji bai kashe inji ba.

"Oga Ishaya, motar nan ba ta jin daɗi. A kwance lafiya lau take, amma da na fara hawa tudu da kaya, allurar zafi sai ta kama tafiya sama."

Na wanke lagireto, na ƙara ɗaure fambel, wato belin da ke juya fanka da famfo, na ce ya je. Bayan kwana huɗu ya dawo da magana ɗaya. Na ce masa zafin gari ne, ana dab da damina, kowace mota haka take yi. Ya dube ni, ya ja motarsa.

Ranar Asabar ɗin da ta biyo baya, matan Zumunta na cocinmu suka ɗauki motar zuwa taro a wani ƙauye kusa da Nok. Mamanku tana cikinsu, Dogara ma ya bi su a madadin ƙungiya. Mota cike da mata da tulunansu na kiɗa da kuloli na abinci, rana tana tsaka. A wani dogon hawa kafin Kwoi, inda ba gida ba rumfa, allura ta shiga ja. Malam Sule ya gangara gefe ya tsaya. Dogara ya sauko da faɗa, yana cewa za a makara, a zuba ruwa a wuce. Ya nufi murfin lagireto. Ya murɗa shi da hannu, ruwa da tururi suka yi tsalle suka wanke masa hannun dama daga yatsu har gwiwar hannu. A kan babur aka kai shi asibiti a Kwoi. Matan suka yi awa uku a ƙarƙashin bishiyar ɗorawa kafin a samo ƙananan motocin da suka kwashe su.

Ku da kuka girma daga baya ba za ku gane yadda garin yake a wannan shekarar ba. Ba a daɗe da fita daga wani tashin hankali ba, kowa yana kallon maƙwabcinsa ta gefen ido, ƙaramar magana takan zama babba kafin ta kai ƙarshen layi. Kafin a tashi sujada ranar Lahadi, labarin ya riga ya canza kaya. An ce Malam Sule da gangan ya tsiyaye ruwan motar don ya tsayar da matanmu a daji, an ce akwai waɗanda ya shirya da su, Allah ne ya kiyaye ba su iso ba. An ce shi ya tura Dogara ya buɗe murfin. Ranar Litinin 'yan'uwan Malam Sule ba su buɗe rumfarsu a kasuwa ba. Wasu samari sun je ƙofar gidansu sun tsaya suna kallo, ba su yi komai ba, amma sun tsaya.

Ranar da aka jawo motar zuwa garejina, Dogara ya zo da hannu a naɗe, rataye a wuya, da takarda a ɗaya hannun. An riga an buga ta da keken rubutu. Cewa take ni makanikin ƙungiya na duba mota, na tarar komai na injin lafiya, rashin ruwa ne ya sa ta tafasa, kuma direba ne ke da alhakin ruwa. Ranar Alhamis kwamiti zai zauna, a kore shi, a miƙa takardar ga 'yan sanda.

"Sa hannu a nan, Ishaya."

"Yaya, ai ban duba ba tukuna."

"Mene ne za ka duba? Motan ya yi zafi don ba ruwa. Yaro ma ya san wannan."

"In haka ne, kwana biyu ba za su canza shi ba. A ba ni kwana biyu."

Ya ajiye takardar a kan benci, ya ɗora mata wani tsohon noti don kada iska ta ɗauke, ya tafi.

Bari in gaya muku yadda ake binciken injin da ke zafi, ko da ba wanda ya gaje ni a cikinku, domin ku san ba son rai na bi ba. Ba a fara wa da abin da ake zargi. Ana farawa da mai sauƙi, a bi ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya wanke kansa kafin a wuce shi. Na cika lagireto da ruwa na bar motar a kan busasshiyar ƙasa har rabin yini, ban ga ɗigo ko ɗaya ba. Na duba kusar da ake kwancewa a tsiyaye ruwa a gindin lagireto: ƙura da laka sun rufe ta ruf, sifana ba ta taɓa ta ba tun wankin da na yi. Nan na fara sanin ba wanda ya tsiyaye komai. Na duba robar murfi, lafiya. Fambel a ɗaure, fanka tana jan iska ta inda ya kamata. Na matsa tiyo na sama da na ƙasa, ba wanda ya ruɓe ko ya lanƙwashe. Na zaro baƙin mai, baƙi ne wuluk, bai yi launin kunu ba, wato ruwa bai shiga cikinsa ba. Na tayar da inji murfi a buɗe, na tsaya ina kallon bakin lagireto ko zan ga kumfa tana tasowa, alamar gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone. Babu. Salansa ma ba ta fitar da farin hayaƙi. A raina na ce, wanda ya kashe injin nan ya kashe shi a kan lokaci. Da wani direban ne ya ce bari in ƙarasa tudun, da inji ya buga.

Washegari da safe na roƙi wani mai sito ya ara mini buhunan citta, muka loda wa motar nauyi kamar na mutane, na tuƙa ta da kaina zuwa hawan da ke hanyar Kagoro. Ban kai rabi ba allura ta fara tashi. Na tsaya, na sauko, na taɓa. Tiyon sama ba ya taɓuwa don zafi. Na shafa jikin lagireto daga sama zuwa ƙasa, tsakiyarsa ɗumi-ɗumi, gindinsa sanyi kamar ba a tayar da mota ba. Ruwa yana nan cike, amma ba ya zagayawa. Inji yana dafuwa a ciki, ruwan sanyi yana zaune a waje yana jira. Abu biyu ne kawai ke kawo haka: ko tamostat, wato 'yar ƙofar da ke buɗe wa ruwa hanya in ya yi zafi, ta maƙale, ko famfo ba ya tura ruwa. Na zauna a gefen titi ina jiran motar ta huce, ina roƙon Allah ya sa tamostat ne. Ba zan ɓoye muku ba, haka na roƙa.

Da la'asar na kwance su duka biyun, na sa a buhu na kawo gida, domin ba murhu a gareji. Mamanku tana tsakar gida tana tankaɗe garin masara. Na ce ta ba ni babbar tukunyar da take dafa ruwan wanka, ta hura mini wuta. Da ruwan ya tafasa na ɗaura tamostat a waya na tsoma. Ya buɗe baki a hankali yadda ya kamata, na fitar, ya rufe. Ba shi da laifi. Na ɗauko famfo. A sanyi na riƙe farfelarsa na murɗa, ta kama gam. Na tsoma kansa a tukunya na bar shi ya sha zafi, na ciro da tsumma, na riƙe kan da fambel ke ja da hannu ɗaya, na taɓa farfelar da ɗaya hannun. Ta juya ita kaɗai, sakwaf, kamar an zuba mata mai. Na kankare fentin da wuƙa. Tsagewa ce tun daga tsakiya, an cike ta da gam, an shafe da fenti. Tsohon famfo ne aka yi wa wanka. In da sanyi gam ya riƙe, in ya yi zafi ya saki, sanda tana juyawa, farfela tana tsaye.

Mamanku ta ajiye rariya. Ta san famfon, domin Yaya ya biyo ta gida ya nuna mata shi kafin ya kai mini gareji.

"Baban Ladi, wannan ba shi ne Yaya ya kawo ba?"

"Shi ne. Ni kuma na ɗaura."

"To ka ce tsohon ne ya lalace. Ka ce wani abu ne daban. Inji ai abubuwa da yawa ne a ciki, wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"Mutumin nan ya bar makaranta saboda ni. Hannunsa ko warkewa bai yi ba. Za ka tsaya a gaban dattawa ka ce an cuce shi kamar ƙaramin yaro a bakin titi?"

Na ce mata ba ni na zaɓi famfon da zai lalace ba. Sai na tambaye ta abin da tun ranar Asabar nake jin tsoron tambaya.

"Rifkatu, kina wajen. Malam Sule ne ya ce Yaya ya buɗe murfin?"

Ta tura itace cikin wutar. Ta ce, "Kada ka sa ni a ciki." Ta ɗauki garinta ta shiga ɗaki. Ranar ba ta ci tuwo tare da mu ba.

Ranar Laraba na je gidan Dogara da famfon a buhu, domin ban so ya fara jin maganar a gaban mutane. Na nuna masa tsagewar. Na ce, "Yaya, ba wanda zai ce ka ci amana. Cutarka aka yi, ni ma na yi sakaci. Mu je tare mu faɗa, a yage takardar nan, magana ta mutu." Ya juya famfon da hannun hagu, ya gani sarai, domin ba wawa ba ne. Ya tura mini shi da ƙafa.

"Ni na kawo ka wannan aikin. Ni na ba ka mata. Yau saboda Sule za ka tsaya a kaina?"

"Ba saboda Sule ba ne, Yaya. Ko Sule ya mutu jiya, famfon nan a tsage yake."

"Mutane sun riga sun yarda da abin da suka yarda. Ka bar shi ya tafi. Su ai ba sa rasa aiki, 'yan'uwansa za su ba shi wani mota."

"In 'yan sanda suka bar shi. In samarin nan suka bar gidansu."

Ya ce in fita masa daga gida. Na fita.

Ranar Alhamis da hantsi kwamiti ya zauna a sito na ƙungiya, a kan benci tsakanin buhunan citta. Ba kwamiti kaɗai ba, mutane sun cika ƙofa har waje. An kira Malam Sule, ya zo shi kaɗai, ya tsaya a jikin bango hannu a baya. Ciyaman, wani dattijo da nake girmamawa, ya karanta takardar, ya miƙo mini biro. Na ce, "Baba Ciyaman, ba zan sa hannu ba, ƙarya ce a ciki." Wurin ya kaure. Wani daga ƙofa ya ce an saye ni. Wani ya ce dama tun da can ina cin goro da su Malam Sule. Na bar su suka gama. Na zazzage buhu a kan tebur, na faɗi abin da na duba ɗaya bayan ɗaya, na nuna tsagewa da gam. Na ce da bakina ni na ɗaura shi ban bincika ba, kuma sau biyu direba ya kawo mini ƙara na sallame shi da maganar banza. Ciyaman ya riƙe farfelar ya murɗa, ta ƙi motsi, domin a sanyi take. Ya ɗaga ta sama ya nuna wa jama'a.

"Ishaya, ga shi a kame. Ina abin da kake faɗi?"

"A kawo mini tafasasshen ruwa."

Aka yi dariya. Ba wanda ya motsa. Akwai mai shayi a bakin sito, na leƙa na kira shi, ya kau da kai. Ina tsaye da famfo a hannu, ban san abin da zan yi ba, sai na ga mutanen ƙofa suna darewa. Mamanku ce, da tukunyar nan a kan gammo, tana tururi, ta ɗauko ta tun daga gida. Ba ni na aike ta ba. Ta sauke a gaban tebur ba ta kalli kowa ba. Na tsoma famfon, muka jira ya sha zafi. Na ciro da tsumma na miƙa wa Ciyaman, na ce ya taɓa da ɗan yatsa ɗaya. Ya taɓa, farfela ta yi ta juyawa. Ya sake taɓawa. Ya ajiye biron.

Wani daga baya ya ce, to ko da famfo ne, ai direban ne ya tura sakatare ya ƙone. Nan mamanku ta juya wajen yayanta, ta durƙusa kamar yadda take gaishe shi kullum.

"Yaya, ka yi haƙuri. Ina zaune a kujerar gaba. Sau uku Malam Sule ya ce maka kada ka buɗe, a bari ya huce. Har rigarka ya riƙe. Kai ka fizge."

Dogara ya tashi ya fita ta tsakiyar mutane, hannu a rataye. Ciyaman ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce Malam Sule ya koma bakin aikinsa. Malam Sule ya ciro makullin mota ya ajiye a kan tebur.

"Na gode, Baba. Amma shekara shida ina ɗaukar matanku da 'ya'yanku, ba wanda ya taɓa ko gurjewa. Kwana ɗaya ya isa ku ce na kai su daji a yanka. Ku nemi wani."

Da zai wuce ta gabana ya tsaya, ya ce, "Oga Ishaya, ai na gaya maka sau biyu." Na ce, "Ka gaya mini." Ya gyaɗa kai ya tafi. Daga baya ya koma jan tanka a hanyar Jos. In mun haɗu mukan gaisa, shi ke nan.

Kada ku ɗauka an yi mini tafi. Kafin wata ya ƙare ƙungiya ta ba wani makanikin aikin, suka ce ai ni da bakina na amsa sakaci, kuma ban musa ba. Masu motoci na cocinmu suka janye ɗaya bayan ɗaya. An cire ni daga jerin waɗanda za a naɗa dattawan ikilisiya, ba wanda ya gaya mini dalili, ni ma ban tambaya ba. Wannan daminar na koma gona da rana, da yamma in gyara injin niƙa da janareto. Ladi, shekarar ce aka ciro ki daga makarantar kwana kika dawo ta jeka-ka-dawo, kika yi kuka mako guda, ban iya gaya miki dalili ba. Fasto ya zo gida ya ce gaskiya na faɗa, amma da na bi ta hanyar ƙauna. Na ce masa, "Fasto, na bi ta ranar Laraba, an kore ni da ƙafa." Na ci gaba da zuwa sujada, ina zama a bencina na kullum, na uku daga gaba. Wanda ba ya son zama kusa da ni ya matsa.

Wadda ta fi kowa biya mamanku ce. Shekara goma sha ɗaya Dogara bai taka gidanmu ba, bai amsa gaisuwarta ba. Duk Kirsimeti sai ta dafa shinkafa da kaza ta kai, a dawo mata da kwanon yadda ta rufe shi. Ba ta taɓa ce mini ni na jawo mata ba, ba ta kuma taɓa cewa ta yi daidai ba. Da na tambaye ta me ya sa ta ɗauko tukunyar, cewa ta yi, "Na ga ka fita ba ka ɗauka ba."

Da ciwon ƙarshe ya kwantar da Dogara a ƙauye, dangi suka aiko cewa yana so a shirya, amma sai na zo na durƙusa na ce na yi kuskure. Muka hau babur ni da mamanku muka je. Ya rame ƙwarai, tabon ƙunar yana nan fari a hannunsa. Ɗakin cike da dangi, kowa ya zuba mini ido. Na durƙusa, domin yayana ne, durƙusa masa ba sabon abu ba ne a wurina. Na riƙe hannun nan mai tabo.

"Yaya, ka yafe mini famfon da na ɗaura ban duba ba, da na duba da ba ka ƙone ba. Ka yafe mini shekarun da ƙanwarka ta yi ba ta da wa. Waɗannan nawa ne, na ɗauka."

"Da abin da ka yi a sito fa?" in ji wata gwaggo daga gefe.

"Wannan ba zan roƙa ba, Mama. Ko gobe aka kawo takardar, ba zan sa hannu ba."

Mamanku ta rufe fuska da gyale. Dogara ya dube ni, numfashinsa yana fita da ƙyar, bai kuma zare hannunsa daga nawa ba.

"Har yanzu kanka da tauri, Ishaya."

"Har yanzu, Yaya."

Ya juya ido wajen ƙanwarsa. Ya ce, "Rifkatu, kin zo hannu banza ne? Ina shinkafan?"

Ta tashi da gudu ta fita neman itace, tana kuka tana kiran a kamo mata kaza. Ya ci cokali uku ranar, ni na riƙe masa kwanon.